Hawan dutse a Kaduna: daga ƙofar gida har ka sauko lafiya

Duk wanda na ce wa ina hawan dutse ranar Asabar, tambayar farko ita ce "wai a Kadunan? ina kuka ga dutse?" Kuma ban ga laifinsu ba, in ka tashi daga Kawo ka miƙe har Sabon Tasha ba wani tudun kirki da zai sa numfashinka ya sauya, garin shimfiɗe yake kamar tabarma sai ɗan gangaren da ke zuwa bakin kogi. Amma fita kaɗan kawai, ko ta hanyar Zariya ko ta hanyar Kachia, za ka fara ganin su can sun yi zaune a tsakiyar gonaki, baƙaƙen duwatsu masu sulɓi kamar an kife ƙwarya. To su nake nufi.

Abin da mutane ba su gane ba shi ne, a ƙasa mai fili irin tamu ƙaramin dutse ma ya ishe ka. Lissafin mai sauƙi ne. Mutum a tsaye a fili, in ba abin da ya tare shi, iyakar ganinsa bai kai kilomita 5 ba saboda lanƙwasar duniya. Ya hau mita 25 kacal, ganinsa ya kai wajen kilomita 18. Ya hau mita 100, ya doshi kilomita 36. A wurin da duwatsu suka yi cunkus kamar Jos wani dutsen ne ke tare maka wani, mu kuwa nan ba mai tare ka, ka hau na minti ashirin ka ga abin da sai ka yi awa a mota kafin ka ƙure shi. Shi ya sa nake cewa hawan ba shi ne aikin ba. Aikin yana wurin zaɓen rana, da neman izini, da kuma saukowa.

Fara da zaɓen wata

Wannan na sa shi gaba da komai don shi ke ɓata wa yawancin mutane tafiya. Lokacin da ya fi kowanne shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa cikin Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, dutse ya bushe, gari bai gama rasa korensa ba, kuma hazo bai sauko sosai ba tukuna. Ka hau ka ga masara da dawa an fara girbi, ɗorawa da kaɗanya warwatse a gonaki, hayaƙin girki na tashi daga ƙauyuka, wallahi sai ka manta da wayarka a aljihu.

Disamba da Janairu akwai daɗin tafiya saboda sanyi, amma hazo zai iya cinye maka komai, ka sha wahalar hawa ka tarar da fari fat kamar an rataya maka zanin gado a gaba. Dabarar da nake yi, da yamma ana gobe tafiya sai in duba wani abu mai nisa da na saba gani daga unguwarmu, ƙarfen sabis ko dogon bene, in ya ɓace a hazo to na san gobe motsa jiki kawai za a yi ba kallo ba. Kuma lokacin ne ake ƙona daji, masu farautar gafiya su cinna wa busasshiyar ciyawa wuta, wuta kuma ta fi gudu in tana hawa tudu, don haka in ka ga hayaƙi a gindin dutsen ta ɓangaren da iska ke tahowa kar ka hau.

Maris da Afrilu zafi ne zalla. Dutsen kansa yana ɗaukar zafi har ka kasa dafa shi da tafin hannu da rana tsaka. Kar kuma ka ce ai sama akwai sanyi, sanyin da tsawo ke kawowa kusan digiri 6 da rabi ne a duk mita 1,000, ka ga mita 100 ko 150 ba abin da za su rage maka, iska ce kawai ke rarrashinka tana busar da gumi ba ka san ruwan jikinka na ƙarewa ba.

Damina kuwa, musamman Agusta da Satumba, kallon ya fi na kowane lokaci kyau in an ɗauke ruwa gari ya washe, amma nan ne haɗarin yake. Jiƙaƙƙen dutse da gansakuka a kansa ya fi sabulu santsi. Ga tsawa, kai ne abu mafi tsawo a duk faɗin wurin in kana sama. Da ka ga hadari ya haɗo daga gabas ko ka ji rugugi ko daga nesa ne, ba shawara, sauka. Sabon shiga dai ya bar damina tukuna.

Ina za a je

In karo na farko ne, ni Kufena nake tura mutum, a Zariya, kusa da Wusasa. Dalilina uku ne: yana jikin gari, mutane sun saba hawa, kuma akwai tarihi a ƙarƙashin ƙafarka. Masu tarihin Zazzau suna cewa daga Turunku, wadda ke ƙaramar hukumar Igabi yanzu, aka taso da mazaunin sarauta zuwa wajen Kufena a ƙarni na 16, zamanin Bakwa Turunku mahaifin Sarauniya Amina a faɗar da yawa, kuma har yau akwai burbushin tsohuwar ganuwa a kewayen wurin. Daga Kaduna kusan kilomita 80 ne, ka shiga mota a Kawo, ka ce a sauke ka Ɗan Magaji tun kafin a shiga cikin gari, daga nan ɗan acaɓa ko mai adaidaita ya ƙarasa da kai. In ka hau za ka ga Zariya kwance, rimaye sun yi sama da gidaje, in kuma ka yi sa'a ka ga ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙin jirgin sama suna shawagi. Ka sauko da sauran ƙarfi ka leƙa tsohon cocin ƙasa na Wusasa da aka gina a 1929, ginin Hausa ne sak, ko ba addininka ba ne ginin ya isa a kalla.

Abu ɗaya, kar ka haɗa Kufena da Kufana. Kufana gari ne a Kajuru, can hanyar Kachia. Na taɓa ganin wanda ya tafi garejin Television yana neman motar "Kufena" aka kusa loda shi kudu.

Kajurun kanta duwatsunta na da kyau ƙwarai, kimanin kilomita 45 daga Kaduna, ka bi ta Kujama da Kasuwan Magani. Can ne gidan nan mai kama da fadar Turawan da, wanda wani Bajamushe ya gina a kan dutse a shekarun 1980. Ba wurin da ake faɗawa haka kawai ba ne, sai an yi magana da masu kula da shi tun kafin a je. Kuma ba zan ɓoye maka ba, yankin ya sha fama da 'yan bindiga, a Afrilun 2019 har gidan aka kai wa hari aka kashe mutum biyu. Saboda haka Kajuru ba a zuwa da labarin bara, sai da labarin wannan satin daga bakin mutumin can.

Sai Kagoro, kusa da Kafanchan. Wannan kam ya wuce "ɗan tudu", samansa ya haura mita 1,200 daga tsayin teku, hawan sa'o'i ne, akwai ma mutanen da ke zaune a sama da gonakinsu. Ajiye shi sai ka yi ƙanana uku ko huɗu. In ka tashi zuwa ka shirya kwana, ka haɗa da ganin ruwan Matsirga da ke zubowa daga kan dutse nan kusa, in kuma ka dace da 1 ga Janairu ranar bikin Afan ce ta mutanen Kagoro, garin cika yake yi maƙil.

Amma fa ba dole sai mai suna ba. Dutsen da ke bayan ƙauyen kakanninka wanda yara ke hawa kiwon awaki, shi ma dutse ne, wataƙila ma ya fi maka kwanciyar hankali tunda an san gidanku.

Maganar tsaro, tunda ba a ɓoye ciwo

Duk ɗan Kaduna ya san halin da ake ciki, sassan Chikun da Kajuru da Igabi da Giwa da Birnin Gwari sun ga abin da suka gani. Wani lokaci a samu sauƙi wani lokaci abin ya dawo. Ƙa'idar da na ɗora wa kaina ita ce, ba na hawa dutsen da daga samansa ba na hangen rufin kwano kusa, ba na shiga wanda ke haɗe da babban daji, kuma ba na zuwa inda ba ni da mutum ko ɗaya da zan kira a daren jajibiri in ce "yaya garin?" Direbobin tasha da 'yan acaɓan mahaɗa sun fi kowa sanin abin da ya faru jiya, ka saya musu shayi ka ji labari. In mutum biyu suka ce maka "a'a, bari dai tukuna", to ka bari, dutsen ba inda za shi.

Kar ka sa a Facebook ko a sitatus cewa gobe ƙarfe kaza muna wuri kaza. Hoto sai an dawo gida. Mutum ɗaya ko biyu a gida su san inda kuka nufa, da wa da wa, da lokacin da ya kamata a ce kun dawo. Yawan tafiya kuma, uku zuwa shida ya yi. Kai kaɗai ganganci ne, ko targaɗe ka yi wa zai taimake ka. Mutum ashirin da sifika ana kiɗa kuwa talla ce kuke wa kanku.

Sannan Kaduna garin soja ne, akwai makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA a Afaka, akwai barikin Jaji, akwai sansanin sojan sama ta Mando, akwai makarantar manyan bindigogi a Kachia inda ake atisayen harbi. Duk tudun da ke kallon irin waɗannan wurare ba na hoto ba ne, jirgin nan mara matuƙi mai kyamara kuwa bar shi a gida kawai. Haka inda ake fasa dutse, in ka ga tifa na shige da fice ko ka ga fuskar dutsen fara an ɓantare ta, suna sa nakiya, nemi wani.

Shirya jiki da kaya

Ba sai ka shiga jim ba. Sati biyu kafin tafiyar, ka riƙa tafiyar ƙafa ta minti talatin zuwa arba'in da sassarfa, kwana uku ko huɗu a sati, Murtala Square da safe ko ma zagayen unguwa bayan sallar asuba. Tunda ba mu da tudu a gari, matakalar bene ita ce tudunka, hau ka sauka sau goma, gobe sha biyu. Saukar ce ma ta fi muhimmanci don ita ke kama cinya. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko asma ya fara jin ta bakin likitansa, mai asma kuma kar ya manta abin shaƙarsa musamman da hazo.

Takalmi shi ne rabin tafiyar. Kambas mai ƙasan roba mai zane-zane, wanda ka riga ka saba da shi, ba sabo dal da zai ci maka dunduniya ba. Na gwanjo a Kasuwar Barci ya wadatar, juya ƙasansa kawai ka duba bai shafe ba. Silifas da takalmin fata mai ƙasan sulɓi da kofa shu, a'a. Za ka ga yaran ƙauyen suna tsalle a kan dutsen da silifas ɗan madina ko ma ba takalmi, kar ka yi koyi da su, a kai aka haife su. Sa safa mai kauri, dogon wando saboda ƙarangiya da ƙaya, riga mai dogon hannu mara nauyi, da hular da za ta rufe ƙeya, malafa ma ta fi hana-sallah aiki. Babbar riga da doguwar jallabiya suna kama iska kuma suna harɗe ƙafa. 'Yan'uwa mata, hijabi ba ya hana hawa, matata da ƙannena sun hau da shi, amma a sa wanda ya tsaya iya gwiwa da wando mai kauri a ciki da riga doguwa, wanda ke jan ƙasa kam za ki taka shi a wurin da bai kamata ba.

Jaka ta goyo, don hannuwanka biyu su zama a sake. Ruwa aƙalla lita 2 kowane mutum, wato fiya wata huɗu, amma a gora ya fi don leda na fashewa a jaka. Da zafi ka ƙara ɗaya. Ka jefa ƙullin gishiri da sukari na kemis guda biyu, in babu, a lita ɗaya na ruwa ana zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe da gishiri rabin ƙaramin cokali. Abin taɓawa: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ayaba. Kilishi akwai daɗi a sama amma yana jawo ƙishi, kunun aya kuma kafin ku kai ya yi tsami, na gwada. Sai filasta, bandeji, fanadol, ƙaramar tocila ko da ba ku da niyyar kai dare, fawa banki, kuɗi a hannu ƙananan canji don tiransifa ba ta da tabbas a ƙauye, katin shaida saboda shingen jami'ai, da leda ɗaya ta kwashe shara. Sanda irin ta makiyaya tana taimakon gwiwa sosai, tana kuma yi maka gaba a cikin ciyawa.

Ranar tafiya

A bar gida da gari ya waye, ba cikin duhu ba. Rana na fitowa wajen shida da rabi, so ake kafin tara kun fara hawa, kafin sha biyu kun sauko. Masu son kallon faɗuwar rana daga sama, na san yana da kyau, amma a nan magariba na yi duhu ke rufowa cikin 'yan mintuna, saukar dutse a duhu da kuma hanyar dare, biyun duk ba na so.

Da kun isa, kar ku nufi dutsen kai tsaye kamar na gidanku. Kowane dutse da masu shi. Ku tambayi gidan mai unguwa ko dagaci, ku yi sallama, a gaisa a tsanake. Ni abin da nake cewa bai wuce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu daga Kaduna, mun zo ne mu ga dutsen nan in an yarda mana, muna kuma roƙon a haɗa mu da yaro ya nuna mana hanya." Ban taɓa ganin an hana ba, sai dai a ce "to ku bi ta nan, kar ku bi ta can." Ɗan goro ko abin goro a hannu ba laifi. Ribar wannan gaisuwar ba kaɗan ba ce, yanzu duk garin an san da ku, ba wanda zai ɗauke ku masu leƙen asiri, a zamanin da baƙuwar fuska a bayan gari ke tayar da hankali. Da ɗan gari akan ci gari. Yaron da aka ba ku ya san inda zuma ta yi gida, ya san kogon da ba a shiga. A kudancin jihar musamman akwai wuraren da al'ada ta keɓe, in aka ce nan ba a hawa ko ba a hoto, ka ce to, ba wurin muhawara ba ne. Ku yi cinikin abin da za ku ba shi tun a ƙasa, ku kuma ba shi ruwa da abinci kamar kowa.

Tsakanin gari da gindin dutse yawanci gonaki ne. A bi turba, kar a ratsa kunya, kar a karya rake ko masarar mutane. In kun haɗu da garken shanu ku tsaya gefe ku gaisa da mai kiwon, karnukansu ba a gudu a gabansu.

Kafin ka ɗaga ƙafa, tsaya ka kalli dutsen. Hangen Dala ba shiga birni ba, abin da ka gani kamar kusa daga titi yakan zama ninki uku in ka zo. Irin waɗannan duwatsun kusan kullum suna da ɓangare mai tsaye da ɓangare mai kwance, nemi mai kwancen ko da zai sa ka zagaya. Don kiyasin lokaci akwai tsohon lissafin wani mai hawan duwatsu ɗan Sikotilan, Naismith, tun 1892: awa ɗaya ga duk kilomita 5, sannan ƙarin minti 10 ga duk mita 100 na hawa. Shi ƙaƙƙarfa ne kuma a ƙasar sanyi, mu da zafinmu da tsayawa hoto sai ka ninka. Ka juya baya ma ka riƙe alamar inda kuka fara, wata kuka ko wani rufin makaranta, ka ɗauke ta a waya, don daga sama duk gangaren kama ɗaya suke.

Hawan kansa, ƙananan taku. Ka ɗora tafin ƙafa gaba ɗaya a kan dutsen, ba kan yatsu kaɗai ba, robar na kamawa ne gwargwadon yadda ta taɓa. Jikinka a tsaye bisa ƙafafunka, kar ka kwanta wa dutsen, mai tsoro ne ke rungumar dutse kuma shi ne ƙafarsa ke fara zamewa. In wurin ya yi tsaye kar ka miƙe sak, yi ta karkacewa dama da hagu kamar yadda jaki ke hawa da kaya. Gudun da ya dace shi ne wanda za ka iya hira kana tafiya, in magana ta gagara ka yi sauri da yawa. Mafi rauni a cikinku shi ke gaba ko na biyu, ba a barin sa a baya yana haki yana jin kunya. Duk minti sha biyar zuwa ashirin a tsaya, a kurɓi ruwa ko ba a jin ƙishi.

Akwai abubuwa uku da ido zai riƙa nema. Na ɗaya baƙin layin da ke gangarowa a jikin dutse, hanyar ruwa ce, ko da rani tana iya yin santsi, taka inda ya yi fari-fari mai kaushi. Na biyu ɓawon dutse, irin duwatsun nan suna ɓarewa falle-falle kamar albasa saboda zafin rana da sanyin dare, in ka buga da sanda ka ji yana amsawa kamar ganga to ƙarƙashinsa rami ne, kar ka dogara da bakinsa. Na uku tsakuwa a kan shimfiɗaɗɗen dutse, ita ce ke kwashe ƙafa. In dutse ya kuɓuce ya gangara ka ɗaga murya ka ce "dutse!" don na ƙasa, kuma a hana yara wasan jifa daga sama, akwai masu noma a gindi.

Dokar da ba na karyawa: duk inda zan hau sai na tambayi kaina, zan iya saukowa ta nan? In amsar "sai dai in gani" ce, na fasa. Hawan wuri mai tsaye ya fi saukarsa sauƙi nesa ba kusa ba, da yawan waɗanda ke maƙalewa a sama haka suka yi.

Masu gidan

Rema za ka gani tana shan hantsi ta ruga cikin tsaga, ƙadangaru, wani wurin birai. Biri kar ka ba shi abinci, kar ka riƙe leda a hannu a gabansa. Waɗanda ake kiyaya su ne maciji da kunama da zuma. Kada ka zura hannu a tsaga ko ƙarƙashin dutsen da ba ka ga cikinsa ba, kada ka zauna sai ka duba. Kububuwa ƙarama ce, kalar ƙasa, kuma ita ce ta fi yi wa manoma illa a arewa. Kasa kuma ba ta gudu, kwanciyarta take yi sai an taka ta. Shi ya sa sanda ke gaba a cikin ciyawa.

In tsautsayi ya sa an sari wani, ga abin da ake yi: a matsa daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura, a ɗaure ƙafar ko hannun da sanda don kar ya riƙa motsi kamar yadda ake wa karaya, a ɗauke shi, a nufi babban asibiti. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure jijiya tamau da igiya, ba a tsayawa neman baƙin dutse ko jiƙo. Na san da yawa za su ce ai mu da maganinmu na gado, to ni dai abin da na sani dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, mutum na iya zama garau yau gobe jini ya ɓalle, allurar kashe dafi ce maganinsa. Kar a ɓata lokaci wajen kashe macijin, hoto daga nesa ya isa in ya samu. A Zariya asibitin koyarwa na Shika ne babba, a Kaduna akwai Barau Dikko, lambar gaggawa kuma 112. In gamsheƙa ta tofa wa mutum a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa nan take, sannan asibiti.

Zuma kuwa turare mai ƙarfi da hayaniya ke tayar da ita. In ta taso, rufe fuska da riga ka bar wurin ta hanyar da ka sani, kar firgita ta kai ka bakin gangare. Sai ƙarara, wannan waken mai gashi da ke nannaɗe a jikin ciyayi da kaka, in ta taɓa ka za ka yi susa har ka manta sunanka. Da kerana mai farin ruwa kamar nono, kar ya shiga ido.

A sama

In kun kai, ku zauna nesa da baki, aƙalla tsawon mutum biyu, don iska na bugowa ba sanarwa. Hoton baya-baya ana neman a ɗauko gari duka shi ne ya fi komai haɗari, mai ɗauka ya riƙa kallon ƙafar wanda yake ɗauka. Da safe hoton yamma ya fi fita tunda rana na bayanka.

Ba wa idonka lokaci. Minti biyar na farko fili kawai kake gani, daga baya sai abubuwa su fara rabuwa, layin bishiyoyi masu duhu rafi ne ke ƙarƙashinsu, cincirindon mangwaro tsohon gari ne ko kufai, ga titi ga turakun wutar lantarki sun miƙe. Yaron da ya rako ku zai lissafa maka sunan kowane ƙauye in ka tambaye shi, ya fi taswirar waya daɗi. Dubi ƙasan ƙafarka kuma, a duwatsu da yawa akwai kwarmin niƙa da aka sassaƙe da daɗewa, da tsingaro, wani wurin har kashin maƙera, alamar mutane sun zauna a nan lokacin da dutse ne mafakar yaƙi. Ka kalla ka bar shi inda yake. Ƙasar Nok ce fa jihar nan, mutanen da can da ake tono gumakansu na yumɓu, abin da ka raina a ƙasa yana iya girme wa garinku. Rubuta suna da fenti a jikin dutse kuwa, don Allah a daina, ba wanda ya hau don ya karanta sunanka da na budurwarka.

In azahar ta riske ku, alƙibla gabas ce ka ɗan karkata hagu, sai dai a nemi wuri mai faɗi a shimfiɗa. Ruwan alwala daban da na sha, kar a ƙarar da na sha. Ruwan da ya kwanta a kwarmin dutse ba na sha ba ne.

Ka lura da abokan tafiya. Wanda ya yi shiru, yana ciwon kai, jiri, tashin zuciya, zafi ne ya fara cin sa, a kai shi inuwa, a jiƙa masa kai da wuya, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. In ya fara sambatu ko ya rikice, wannan ya wuce hutawa, a yi ta zuba masa ruwa a jiki ana fifita ana neman hanyar asibiti.

Saukowa

Nan ne akasarin faɗuwa ke faruwa, an gaji, an ga abin da aka zo gani, hankali ya koma kan abincin rana. Ku fara sauka tun da sauran rabin ruwanku, kuma ta hanyar da kuka hau, ba wata "gajeruwa" da wani ya hango ba. Matsalar dutse mai kan ƙwarya ita ce yana ƙara tsayuwa ne yayin da kake gangarawa, daga sama sai ka ga kamar shimfiɗe, ka yi nisa sannan ka tarar da bango a ƙasanka.

Ɗaure igiyar takalmi da kyau kafin ka fara don kar yatsu su riƙa dukan gaba. Gwiwa a ɗan lanƙwashe, taku gajeru, sanda a gaba. Inda ya yi tsaye ka juya gefe ka sauka da ƙafa ɗaya-ɗaya. Inda ya fi haka, zauna ka ja gindi, ba abin kunya ba ne, ni da gemuna ina yi, wando ne kawai zai ji jiki. Ba gudu, in ka fara gudu a gangaren dutse ba kai ke da birki ba. A bar tazara tsakanin mutum da mutum, kuma kar a riƙe hannun juna a jere, ɗaya ya zame ya tafi da uku. In za ka taimaki wani, kai ka tsaya daram a ƙasansa tukuna sannan ka miƙa masa sanda ko ka tare masa ƙafa.

Da kun taka ƙasa a ƙirga kai, a duba ledar shara tana nan, a sallami yaro. Ku koma wurin mai unguwa ku ce "Baba mun sauko lafiya, mun gode, Allah ya ƙara girma", ku karɓi lambar wani a garin don tambayar hanya wani karon. A kira gida a ce an taso. Ku kama hanya da rana a sama, kafin la'asar kuna Kaduna. Cinya za ta yi tsami gobe, jibi ma ta fi, ruwan ɗumi da ɗan tattaki a unguwa ke sake ta, kuma ka zazzage takalmi da safa a waje kafin ka shiga ɗaki don ƙarangiya ba ta jin kunyar kafet.